Hannun Inna a Bangon Kicin

Ranar da Auta ya biyo ta gida don ya gaida mahaifiyarsa, a kicin ya same ta da tsumma a hannu. Ba ta ji shigowarsa ba. Tana lalubar bango da hagu tana gogewa da dama, bokitin ruwan sabulu na kusa da ƙafarta. Wansa, wanda a gida ake ce wa Yaya, a ofis kuma Manaja, yana tsaye a bakin ƙofa da kayan zuwa aiki a jikinsa, yana kaɗa makullin mota a ɗan yatsa.

"Ba nan ba, Inna," in ji Yaya. "Sama kaɗan. Ai ke kika yi, ke ya kamata ki san wurin."

Inna ba ta san wurin ba. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Inda take ta dirza fes yake, dattin na sama da shi da kamar taƙi guda. Dattin kuwa ba komai ba ne illa sawun hannunta. Da ganinta ya ja baya ba ta yarda ta bar girki ba, sai ta mai da bango ɗan jagoranta. Ta dafa shi daga bakin ƙofa, ta bi shi zuwa kabad ɗin gishiri da sukari, daga nan zuwa famfo, daga famfo zuwa murhun gas. Hannun mai girki kuma ba ya rabuwa da mai da albasa. Sannu a hankali wani layi mai duhu ya zagaye kicin ɗin daidai kafaɗarta, tafi a kan tafi, har in ka matso kana iya ƙirga yatsu.

Auta ya zare tsumman daga hannunta a hankali, ya jefa a bokiti, ya ce, "Inna, ni ne. Zo mu je ki zauna." Bai dubi wansa ba. Shi dama mutum ne da ba a cika jin muryarsa ba. Mai fenti ne, shekararsa goma sha biyu yana hawa tsani, kuma sana'ar ta koya masa cewa fentin da aka shafa da gaggawa ɓarewa yake yi. Fushinsa ma haka yake hawa, shafi-shafi, kowanne sai ya bushe kafin a ɗora wani.

Da ya dawo daga raka ta, Yaya ya kira shi falo, ya ce dama nemansa yake. Kicin ɗin nan ya tsufa, kunya yake ba shi. Koren fentin tun na zamanin Baba ne, ƙofofin kabad sun yi baƙi kamar na shagon mai gyaran babur, ga kuma wancan layin ƙazanta. Nan da mako uku Darakta, babbansu a ofis, da matarsa za su zo cin abincin rana, matar nan kuwa an ce duk gidan da ta shiga sai ta leƙa kicin, daga nan take yanke wa mutane hukunci, ta karanta wa mijinta a mota. Akwai kuma wata kujera da za a cike a ofis. Ya buɗe waya ya nuna wa Auta hoton wani kicin fari fat, da zanen ganye da ya taso daga jikin bango kamar an sassaƙa. Irin wannan yake so, in Auta ya iya. In kuma ya fi ƙarfinsa ya faɗa tun yanzu a nemo ƙwararru.

Auta ya ce ya iya.

Sai Yaya ya jawo wata 'yar leda daga gefen kujera ya zazzage a kan tebur. Sabon kwaɗo ne, da makullai biyu.

"In an gama, Inna ta huta haka nan. Ba zan yi farin fenti a zo ana tattaɓa mini ba. A riƙa kai mata abinci ɗaki."

"Ta sani?"

"Za ta sani."

Akwai fentin mai, mai sheƙi, wanda ko miya ka watsa masa jiƙaƙƙen tsumma ke ɗaukewa. Auta ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ga yadda Yaya ke murza kwaɗon a tafin hannu kamar wanda ya samu abin da ya daɗe yana nema. Nan ya gane ba bangon ne ya dame shi ba. Tsohuwa mai lalube ce ba ya so baƙi su gani. Ya mai da bakinsa ya rufe, ya ce, "To, Yaya."

Tun bara aka mai da Inna ɗakin baya, kusa da tankin ruwa, wai ya fi sanyi. Washegari Auta ya je can da farar takarda da fensir. Ya same ta a bakin gado tana ninke wani zane da ta riga ta ninke. Ba wanda ya gaya mata maganar kwaɗo, amma ta ji ƙarar makullan a kan tebur, sauran kuma ta haɗa da kanta. Abin da ta fara ce masa shi ne kada ya kuskura ya yi wa wansa rashin kunya. Aiki ne ya yi masa yawa, kuma bangon ai da gaske ya yi datti. Shekara arba'in tana girki a kicin ɗin, ta ce, ko injin ne ya isa a kashe shi ya huce. Tana faɗa tana dariya, amma yatsunta na ta neman abin yi a kan cinyarta.

Ya ɗora takardar a bayan faranti, ya kamo hannunta na dama ya shimfiɗa a kai, ya bi gefen yatsun da fensir. Ta ce rabon da ya yi mata wannan tun yana aji biyu, ko makarantar zai koma da gemunsa? Ya ce aiki zai yi da shi. Ba ta ƙara tambaya ba.

Ƙaramin yatsanta a karkace yake, ya baje waje kamar reshen da ya ƙi bin 'yan'uwansa. Duk dangi sun san labarin. Yaya na rarrafe ya sa kai a bakin ƙofar kicin, iska ta bugo ƙofar, Inna ta wurga hannu ta tare. Kan yaro ya tsira, yatsa ya karye, ya kuma warke a haka. Yaya ba ya son a tuna wannan labari. In wata gwaggo ta ɗauko shi, sai ka ga ya tashi amsa wayar da ba ta yi ƙara ba. Auta ya bi karkataccen yatsan da fensir sau biyu, don kada layin ya ɓace.

Ranar Litinin ya fara aiki. Ya kwance ƙofofin kabad ya jera a waje, ya kankare tsohon kore, ya bi da samfefa, takardar nan mai kaushi, har ƙura ta mai da shi mai furfura. Kafin ya taɓa layin Inna sai da ya auna tsayinsa daga ƙasa, ya kuma yi alama a ɗan littafinsa duk inda tafin ya fi yawa: bakin ƙofa, gefen kabad, saman famfo, da taƙi biyu kafin murhu, inda take tsayawa ta saurari wuta. Sannan ya kankare layin da hannunsa. Ranar bai ci abincin rana ba.

Akwai wani tsohon katakon ajiye tukwane da ya toshe rabin tagar yamma tun kafin a haife shi. Da ya sauke shi, da la'asar, sai rana ta shigo ta kwanta a jikin bango a gicciye, kowane ƙurji da kowane rami ya fito da inuwarsa. Duk mai fenti ya san wannan. Fari a kan fari, in haske daga sama yake zuwa, lafewa yake yi, ba ka gane tudu sai ka shafa. In kuwa ta gefe ya zo, ko ƙwayar yashi sai ta yi inuwa, shi ya sa suke kanga tocila a gefen bango in suna neman aibin aikinsu. Auta ya tsaya yana kallon bangon har rana ta sauka. Sannan ya ɗauko tsofaffin jaridu ya liƙe tagar ruf, ya ce wa mutanen gida don ƙura ne.

Zanen da ke tasowa daga bango ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Ana yanke zanen a jikin wani falle mai tauri, a manna fallen a bango, a cike ramukan da kwaɓin farar filasta, a ɗaga fallen a hankali, sai zanen ya tsaya a bango da kaurin fallen. Auta da tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti yake yankan nasa, waɗanda aka gama da su, don ba sa jiƙewa, ba sa yagewa. A ɗakinsa na haya ya zauna da reza ya yanka iri biyu. Na farko falle ɗaya ne, siriri: rassa, ƙananan ganye, ɗige-ɗige. Na biyu kuwa sai da ya manne falle huɗu da gam suka yi kauri, sannan ya ɗora takardar Inna a kai, ya yanke tafi da yatsu biyar, gaɓa-gaɓa.

Kwaɓin ma ba irin na kullum ya yi ba. Ya zuba gam fiye da ƙa'ida, ya kuma caccaki bangon da ƙusa a duk inda hannu zai zauna, don filastar ta shiga ciki ta kama. Abin da aka ɗora haka samfefa ba ta cin sa, fenti kuma ko shafi goma aka yi masa ƙara fito da shi yake yi. Sai dai a sa guduma a sauke bangon har bulo.

Yaya ba ya dawowa daga ofis sai rana ta faɗi, don haka a ƙarƙashin ƙwan lantarki yake duba aiki, daga bakin ƙofa, kada fenti ya taɓa masa wando. Ranar da za a fara zane Auta ya jira shi. Ya ce ai zai yi kyau a ce mai gida ne ya ɗora na farko da hannunsa, a ɗauki hoto, ko Darakta zai tambaya. Maganar hoto ta shiga Yaya. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa matarsa waya. Auta ya manna kakkauran fallen a gefen ƙofa, daidai inda Inna ke fara dafawa, ya ɗebo kwaɓi a faffaɗan ƙarfen shafe ya ba shi.

"Wannan wane irin ganye ne?" in ji Yaya, idonsa na kan waya.

"Mai yatsu biyar ne, Yaya. Ba ko'ina ake samunsa ba."

Yaya ya ce ya taɓa ganin irinsa a wani otal. Ya shafa, ya yi murmushi, aka ɗauka. Ya ce a sake, agogonsa bai fito ba. Auta ya ɗaga fallen ya kare wurin da jikinsa, amma bai ma buƙaci hakan ba, Yaya ya riga ya wuce wanke hannu. Mutumin da ya yi shekaru bai riƙe hannun uwarsa ba, ina zai gane shi a bango?

Daga nan Auta ya ci gaba, ba gaggawa. Hannu ɗaya, taƙi biyu, wani hannun, duk daidai kafaɗar Inna, daga ƙofa zuwa kabad zuwa famfo zuwa murhu. Da ya ƙirga har da na ƙofofin kabad sai ya samu talatin da bakwai. Ya nemi wuri ya cike arba'in.

Mutum ɗaya ce ta gane. Matar Yaya, wadda Auta ke ce wa Anti, nas ce a asibiti, ita ce ma ke tara masa tsofaffin hotunan ƙashin, ita ce kuma ke yanke wa Inna farce duk ƙarshen mako. Ba muguwa ba ce, mace ce da ta gaji da musu ta koyi yin shiru. A rana ta uku ta shigo ɗaukar kofi ta tsaya a gaban hannun da ke saman famfo. Ta sa yatsa ta bi ƙaramin yatsan nan da ya karkace. Auta na kan tsani yana kallonta. Ta daɗe a wurin. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ƙanin miji, shayi za ka sha ko ruwan sanyi?"

Ya ce shayi. Ta kawo masa da madara har ya yi kauri, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da hannuwan suka bushe ya bi su da siririn fallen, ya zagaye kowanne da rassa da ganye, ya cike tsakanin yatsu da ɗige-ɗige, har suka nutse a cikin zanen. Sannan farin fenti, shafi uku, mai sheƙi. A ƙarƙashin ƙwan lantarki ba ka ganin komai sai kurmin ganye, fari a kan fari, mai kyan gaske. Yaya ya ce ashe yaron nan ba a banza yake shaƙar fenti ba. Ya kira kafinta ya kafa wa ƙofar ƙarfen maƙala kwaɗo, ya datse, ya ba matarsa makulli ɗaya, ya sa ɗaya a zoben makullin motarsa. Jaridun taga kuwa Auta ya ce a bar su, fentin katakon bai gama bushewa ba.

Kwana biyar kicin na kulle in Anti ta tafi aiki. A rana ta huɗu Auta ya zo kwasar tsaninsa, ya hango Inna ta biyo bangon baranda har ƙofar kicin. Ta laluba ta taɓa kwaɗon, ta riƙe shi kaɗan kamar mai auna nauyinsa, ta sake shi, ta juya ta koma. Bai bari ta san yana wurin ba. Ya ɗauki tsaninsa ya fita, a hanya yana jera maganar da zai faɗa a gaban baƙi, kalma bayan kalma.

Ranar Asabar suka zo. Yaya ya ce wa Auta ya zauna a kusa ko za a tambayi wani abu game da aikin, amma ya sa riga mai tsabta, kuma kada ya buɗe baki sai an tambaye shi. Inna an kai mata abincinta da wuri an ja mata ƙofa. Darakta mutum ne mai ƙiba mai son dariya, matarsa siririya mai tabarau, idonta ba ya zama wuri ɗaya. Aka ci aka sha a falo. Auta na zaune a barandar baya yana kallon inuwar tanki tana ƙara tsawo, abin da yake tsoro kawai kada su tashi kafin rana ta karkata. Anti ce ta yi ta ƙaro shayi da yankakkun 'ya'yan itace, tana cewa ai yanzu suka zo, ina za su da wannan zafi.

Can da la'asar matar Darakta ta ce ta ji labarin sabon kicin. Yaya ya miƙe da rawar jiki ya shige gaba. Anti ta leƙo baya ta ce, "Auta, zo ka cire jaridun nan mana. A cikin duhu za a nuna wa baƙi aikinka?"

Ya shiga ta bayansu. Suna tsaye a ƙarƙashin ƙwan lantarki, matar na yaba ganye, Yaya na bayanin yadda ya zaɓi zanen da kansa. Auta ya kama gefen jarida ya ja. Ya ja ta biyu, ya ja ta uku.

Rana ta shigo a gicciye. Rassan da ganyen, da yake sirara ne, suka lafe suka ɓace cikin farin. Hannuwan suka taso. Arba'in cif, kowanne da doguwar inuwarsa, a jere daga ƙofa har murhu, kowanne da ƙaramin yatsa a karkace, kamar yanzun nan wata ta bi bangon tana lalube.

Maganar Yaya ta tsaya a tsakiya. Auta na kallonsa. Yaya ya gane hannun. Abin da Auta ya yi mako uku yana jira ke nan, ya kuma tarar ya fi yadda ya zata daɗi.

Matar Darakta ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ɗora tafinta a kan ɗaya, nata ya ɗan fi tsawo. Ta ce wannan ai hannun mutum ne, kuma mutum ɗaya. Na wa ne?

Kalmomin na bakin Auta a jere: hannun matar da aka sa ta goge sawunta da tsumma, aka kulle mata kicin, aka ɓoye ta a ɗakin baya. Amma ya dubi Yaya ya ga in ya faɗa, kunyar yini ɗaya ce. Baƙi su tafi, Yaya ya huce a kan Inna, kwaɗo ya koma inda yake. Shafi ɗaya ne wannan, na gaggawa, gobe ya ɓare. Sai ya sunkuyar da kai kamar yaron kirki.

"Na mahaifiyarmu ne, ranki ya daɗe. Idonta ya tafi, da bango take gane hanya. Shi ne Yaya ya ce a yi mata abin da za ta riƙa bi har murhu, kada a raba ta da kicinta. Ga na farko nan a bakin ƙofa, shi ya ɗora da hannunsa. Akwai hoto."

Darakta ya ce lallai an nuna masa hoton a ofis, amma mutumin nan bai ce masa komai ba, dubi irin kawaici. Matar ta tambayi dalilin karkataccen yatsan. Auta ya ba ta labarin a tsanake, har da nuna ƙofar, ita ce dai wannan, fenti kawai ta sake. Matar ta ce tata uwar bara ta rasu, kuma ba abin da ya rage mata na hannunta sai wani tsohon ludayi. Ta juya ga Yaya da jan ido ta ce irinsa ba su da yawa. Darakta ya dafa masa kafaɗa. Yaya ya yi wani abu da bakinsa mai kama da murmushi.

"Ina take?" in ji matar. "Ba zan tafi ban gaishe ta ba."

Yaya ya ce tana hutawa. Anti ta ce ai ta tashi, bari ta taho da ita, ta fita kafin a ce mata a'a. Suna jira idon matar ya sauka a kan kwaɗon da ke rataye a ƙofa, ta ce wannan fa, a kicin?

"Don kada a taɓa fenti kafin ya bushe ne," in ji Auta. "Yau Yaya ya ce zai damƙa mata makullin, a gabanku."

Inna ta iso, Anti na riƙe da gwiwar hannunta. A bakin ƙofa ta ɗaga hannu za ta dafa bango yadda ta saba, sai ta tuna, ta janye shi da sauri ta ɓoye a cikin mayafi. Matar Darakta ta ce, "Dafa mana, Mama, ai naki ne." Inna ta juya fuska wajen da take jin numfashin Yaya. Ta miƙa hannu a hankali, tafinta ya sauka a kan tafi, yatsa a kan yatsa, har da karkataccen.

Ta tsaya a haka ba motsi. Sannan ta zame hannu gaba ta samu na biyu, ta samu na uku. Ta saki Anti. Ta kai kabad ta buɗe, ta laluba, ta ce wane ne ya sa mata sukari a wurin gishiri? Darakta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ta wuce famfo ta tari ruwa a buta, ta tsaya taƙi biyu kafin murhu, ta ce wa da wa za su sha shayi.

Duk wannan Yaya na fama da zoben makullin mota. Zoben sabo ne, mai tauri, farcensa ya kasa buɗa shi. Kowa na jira. Akwai reza a aljihun Auta da za ta buɗa shi nan take, ya bar ta a inda take. Da ƙyar makullin ya fito, bayan farce ya tsage. Yaya ya sa shi a tafin Inna, matar Darakta ta ɗauki hoto, Inna ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Da baƙi suka tafi Yaya ya tare Auta a gefen mota, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce gobe da sassafe ya zo ya kankare abin nan, duka. Auta ya yi masa bayani dalla-dalla, irin wanda yake yi wa masu ba shi aiki. Samfefa ba za ta ci ba. Fenti ƙara fito da shi zai yi. Guduma ce kawai, har bulo. Kuma ya ji matar Darakta na cewa za ta dawo wata Asabar da ƙawayenta biyu su gani, ta kuma sha shayin Mama. In ta zo ta tarar da bulo, to, Yaya ne ya iya Turanci, shi zai yi mata bayani.

"Kai ɗan'uwana ne kuwa?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya. Hannu ɗaya ya raine mu. In ka manta kamanninsa yana kicin."

Ya koma ciki ya tarar da Inna ita kaɗai tana wanke kofuna. Ta gane takunsa. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, wanka bai ce a yi wannan ba. Ya ce a'a. Ta ce kuma ka sa shi ya yi ƙarya da bakinsa a rufe, a gaban mutane. Ya ce eh.

"Mugu," ta ce. "Shiru-shirun nan naka tun kana goye nake tsoronsa."

Ta faɗi haka tana lalubo hannunsa tana danƙa masa kofin shayi. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ce ya je ya ba wansa ba. A saman famfo ta riga ta bar sawun mai a kan farin hannun. Auta ya jiƙa tsumma ya shafa sau ɗaya, wurin ya koma fes. Ya buga ƙusa a bayan ƙofa ya rataye tsumman.

Yaya ya samu kujerar. A wurin taron da aka sanar, an ce Darakta har labarin kicin ya bayar, aka tafa. Tun daga nan duk baƙon da ya zo gidan sai ya ce a nuna masa hannun Mama, Yaya ne kuma ke shigewa gaba ya nuna, ya ba da labarin ƙofa da bakinsa. Kwaɗon yana can a ƙofar sito. Inna na kicin daga safe, tana faɗa da duk wanda ya matsar mata da gishiri.

Ranakun da ba ofis, in rana ta karkata, Yaya ba ya iya zama a cikin gidan. Fita yake ya shiga mota a ƙofar gida, ya ɗaga gilashi, yana danna waya har hasken ya sauka daga bango. Auta ya san lokacin. Ko daga wane gefen gari yake aiki, yakan wanke burushinsa da wuri ya hau babur ya biyo ta layin. Ya tsaya daidai motar, ya ƙwanƙwasa gilashi da ɗan yatsa, ya jira a sauke, ya gaida wansa da ladabi, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce, "Yaya, ba ka shiga ba? Inna ta dafa shayi, kuma yanzu ne kicin ya fi kyau."